Yadda Na Zama Wani Bawan Allah

A shekarata ta uku a Alƙahira, ƙarshen 2012, muna zaune mu huɗu a hawa na biyar na wani bene a Hayyul Ashir, cikin Madinat Nasr. Biyu daga cikinmu ba su da hannu a wannan labari, sai dai a cikin tukunyar da ba su dafa ba. Wanda ya shafe ni shi ne abokin ɗakina, wani Bazazzagi siriri mai sanyin magana, wanda muke aji ɗaya a sashen hadisi. Ni Bakano ne, saboda haka tun ranar da muka haɗu a layin sabunta takardar zama yake kirana bawansa, ni ma ina kiransa bawana. Har yau ba a yanke wannan shari'ar ba.

Shi ne mai kwamfuta a gidan. Tsohuwar laftof ce da yayansa ya bar masa, batirinta ya daɗe da mutuwa, in aka ɗauke wuta sai ta tafi ba sallama. A kanta ya koya wa kansa rubuta manhaja, a kanta kuma ya koya mini. Gara in faɗi wannan tun yanzu kada in manta da gangan daga baya: shi ya koya mini, harafi bayan harafi, bai taɓa nuna mini gajiya ba. Akwai kuma wata gaskiyar da ta fi mini daɗin faɗa, wato cikin wata shida na wuce shi. Shi da bakinsa ya faɗa, ni kuma na ce a'a, ina jin daɗi.

A lokacin akwai wani injiniya ɗan Masar da ya fara wata manhaja ta kyauta, ta neman hadisi a waya. Ka rubuta kalma biyu ko uku da ka tuna, ta fito maka da hadisin, da littafin da yake ciki, da jerin mutanen da suka ruwaito shi. Aikin a buɗe yake, kowa yana iya sa hannu daga inda yake zaune. Bazazzagin ya riga ni shiga, yana gyara musu 'yan ƙananan kurakurai. Da ya ga hannuna ya faɗa, sai ya ce in zo mu yi tare.

Idan mutane da yawa suna aiki a kan rubutu ɗaya, dole a samu abin da zai riƙe tarihin wa ya taɓa me. Abin da ake amfani da shi wata manhaja ce da ake kira git. Ranar da Bazazzagin ya zauna zai fahimtar da ni ita, bayan la'asar ce, ya ɗora kofin shayinsa a kan littafina, abin da ya san ba na so.

"Malam, ka ɗauka rumbu biyu ne," in ji shi. "Akwai na gida, ga shi nan a cikin laftof. Akwai na nesa a intanet, inda kowa yake kai nasa hatsin. Sau ɗaya za ka gaya wa na gida adireshin na nesa, ka raɗa masa suna. Kowa origin yake ce masa, mu sai mu ce asali. In ka gama wani aiki sai ka ɗaure shi dami guda, ka tura asali. In wasu sun kai nasu, ka jawo ka gani."

"To wa ya san damin wane ne?"

"Kowane dami da takarda a jikinsa. Wa ya ɗaure, yaushe, kuma a kan damin wa ya ɗora."

Na ce ai wannan isnadi ne, wane daga wane daga wane. Ya ce shi ya sa koyar da 'yan hadisi yake da sauƙi, ko da kuwa Kanawa ne. Daga nan ya ce saura abu ɗaya, in gaya wa manhajar ko ni wane ne. Layi biyu ne kawai, na suna da na imel, kuma a halin yanzu nasa ne a ciki tunda laftof ɗinsa ce. Ya rubuta git config user.name, ya bar wurin suna a buɗe, ya juyo mini da laftof ɗin.

A makon nan kuwa ina ɗauke da wani zazzaɓi na musamman. Ina zuwa karatun wani dattijon malami a tsohon masallacin Darrasa, kuma babin da ake ciki shi ne na ikhlasi da riya. Kullum in na fito, in bi ta layin masu sayar da littattafai, ji nake duk wanda na gani mai riya ne, har mai soya ta'amiyya, ƙosan Misirawa. Ga kuma abin da na tashi da shi a gida. A masallacin unguwarmu, in wani ya sayi tabarmi ko ya gyara rufi, bayan sallah liman zai miƙe ya ce wani bawan Allah ya yi kaza, a sa shi a addu'a. Tun ina yaro wannan kalma take burge ni. Abin da ban tsaya na lura da shi ba shi ne, duk masallacin an san ko wane ne, domin kawuna yana nan a sahun gaba ya sunkuyar da kai fiye da yadda ake bukata.

Na jawo laftof na rubuta: Wani Bawan Allah.

Ya leƙo ya karanta. "Bawan Allah ko bawan Zazzagawa?"

Ban kula shi ba. Aka zo layin imel. Nawa imel ɗin ɗauke yake da sunana da na mahaifina har da shekarar haihuwata, in na sa shi ai na tona asirin kaina. Na ce ya bar nasa a ciki.

"Malam, tsaya ka ji," ya ce. "Shafin da rumbun nesa yake ba ruwansa da layin suna, imel yake dubawa. In ka bar nawa, duk abin da ka tura hotona zai liƙa masa. Ka buɗe wani imel ɗin mana, minti biyu ne."

Na ce hakan ma ya fi. Na gyara zama na yi masa wa'azi na kusan rabin awa, duk abin da dattijon malamin ya faɗa na juye masa, har da ƙarin nawa. Na ce aikin hadisi ba a yin sa don a gani. Na ce suna shi ne tsutsar da take cinye lada. A ƙarshe na ɗora masa amana, cewa ba zai gaya wa kowa ni ne ba har sai ni da bakina na sake shi. Ya ce, "Na ɗauka." Ya ɗauke kofinsa, ya bar mini zagayen shayi a bangon littafi.

Ɓangaren da na kama shi ne na sunayen maruwaita. Mutum ɗaya sai ka same shi a wannan isnadin da sunansa, a wancan da alkunyarsa, a wani da laƙabinsa, a wani kuma da sunan garinsu kawai. Manhajar tana ɗaukar su mutum huɗu. Ni na zauna na koya mata cewa mutum ɗaya ne. Na kuma sa ta daina tsayawa a kan wasali da hamza in ana nema, domin ba kowa ke rubuta su daidai a waya ba. Na yi ta jigilar littattafan tarihin maruwaita daga Darrasa, a ƙaramar bas, ina rungume da su ana matse ni da ƙofa. Kullum bayan asuba, shi ya koma barci, ni in zauna da laftof ɗinsa har lokacin tafiya aji. In na gama in ɗaure dami in tura asali. Watannin farko daɗi nake ji sosai, ina yawo da sirrina kamar mai ƙunshin kilishi a aljihu.

Ban taɓa buɗe shafin rumbun nesa ba, a baƙin allon umarni kawai nake aikina. Wata Juma'a da hantsi, ya shiga wanka ya bar shafin a buɗe, na leƙa. Ga damunana nan jere, tun daga na farko, kowanne da ɗan hoto a gefensa. Hotonsa ne wanda ya ɗauka a gaban dala a Giza, ya ƙanƙance ido saboda rana, da wata hula da ta yi masa yawa. Na gangara ƙasa, hula, hula, hula. A shafinsa na kansa kuma akwai wani allo mai 'yan gidaje, kowace rana da gidanta, ranar da mutum ya yi aiki sai gidan ya zama kore. Nasa ya yi kore shar kamar fadama. Na san gidajen nan ɗaya bayan ɗaya. Wannan ranar da nake mura ce. Wannan ranar da aka ɗauke wuta sau biyu na sake aikin daga farko. Wannan kuwa ranar da shi ya kwana a wajen 'yan garinsu, ko taɓa laftof ɗin bai yi ba.

A ƙarƙashin wani damin, wani daga wata ƙasa ya rubuta da Larabci, Allah ya saka maka da alheri ɗan'uwa. Shi kuma ya amsa, amin, tare da ku. Wannan amin ɗin ta ƙona ni. Na san ba shi da wata amsar da zai bayar, ba zai ce ba amin ba. Amma sanin hakan bai rage komai ba. Ya fito daga wanka yana goge kai yana 'yar waƙarsa, na ji ban taɓa jin murya marar daɗi irin tasa ba.

Daga ranar nan na fara ganin laifuffukansa, kuma ashe suna da yawa. Yadda yake kurɓar shayi da ƙara. Yadda yake barin silifas a tsakiyar ƙofa. Yadda yake atishawa sau uku, ba biyu ba kamar kowa. Shekara biyu muna ɗaki ɗaya ban ga ko ɗaya ba, sai ga su sun fito gaba ɗaya. Na san sunan ciwon, mun karanta babinsa, na ma ci jarrabawa a kai. Hassada ce nake yi wa mutumin da yake ara mini laftof ɗinsa kowace safiya.

Abin ya ƙara tsami da labarin manhajar ya bazu cikin ɗalibanmu 'yan Najeriya. Duk Juma'a bayan sallah mukan haɗu a gidan wasu 'yan'uwa a ci shinkafa da miya, a yi hirar gida. Can aka fara kiransa Injiniya. In ya shigo sai a matsa masa wuri, wani ya ciro waya ya nuna yadda ya samu hadisin da ya daɗe yana nema. Shi kuma kullum amsarsa ɗaya ce: "Ba ni ba ne, wallahi. Mafi yawansa aikin wani bawan Allah ne." Gaskiya tsagwaronta yake faɗa, amma wa zai yarda? Kowa ya san abin da ake nufi in mutum ya ce wani bawan Allah. Sai a jinjina kai a ce ka ji tawali'u, a ƙara masa nama. Ya samu yabon aiki, ya samu yabon ƙanƙan da kai, alhali na biyun nan ni na tanadar wa kaina shi. Ni ina gefe ina sunkuyar da kai irin na kawuna, ba wanda ya ko kalle ni.

Wajen tsakiyar 2013 injiniyan ya aiko masa da saƙo, yana son ganinsa a ofishinsa a Giza. Bazazzagin ya ce dole mu je tare. Na ce ina da karatu. Ya ce ai ajinmu ɗaya, ya san babu. Muka hau ƙaramar bas zuwa tashar jirgin ƙasa, zafi kamar a gasa gurasa a kan kujera. Muna tsaye a cunkoson motoci ya sunkuyo ya ce da ni a hankali:

"Malam, ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Ka sake ni in faɗa masa."

"Wanda aka yi dominsa ya sani," na ce, ina kallon taga.

"Ka tabbata?"

"Khalas, an gama wannan maganar."

Ni kuwa a raina cewa nake, kai ma dai ka faɗa mana, sai na sake ka? Baki ba ya suɓucewa ne? Mutum nawa suka ci amana a duniya aka yafe musu?

Ofishin ɗaki ɗaya ne a saman shagon wani mai matse rake, tebur uku, fanka ɗaya. Injiniyan ƙaton mutum ne mai furfura, mai yawan dariya. Ya rungume Bazazzagin kamar ɗansa ya dawo daga tafiya. Ni aka gabatar da ni a matsayin abokinsa, ɗalibin hadisi, ya ba ni hannu ya ce ahlan, wato maraba, ya juya. Aka kawo shayi da na'ana'a. Ya juyo da allon kwamfutarsa, sai ga aikina, wurin da na haɗa sunayen wani mai ruwaya guda biyar suka koma mutum ɗaya. Kwana tara na yi a kan wannan wurin.

"Wannan," ya ce yana buga allon da yatsa, "ba aikin mai rubuta manhaja kaɗai ba ne. Aikin wanda ya san maruwaita ne. Shekara biyu ina neman mai yi mini shi."

"Ya bashmuhandis," in ji Bazazzagin, haka ake kiran injiniya a can, "wannan ba ni na rubuta ba. Imel ɗin ne nawa. Ka duba layin suna."

Injiniyan ya buɗe tarihin, ya matso da fuska, ya karanta da ƙyar. "Wa-ni Ba-wan Allah. Me ke nan?"

Bazazzagin ya fassara masa zuwa Larabci. Injiniyan ya tambaya wane ne. Ya ce amana ce, ba zai iya faɗa ba. Yana faɗar haka na ji ƙafarsa a kan tawa a ƙarƙashin tebur, ya danna, ya sake dannawa. Na janye ƙafata na ɗauki shayi.

Injiniyan ya yi dariya har fankar ta ji. Sai a lokacin ya dube ni sosai. "Kai ɗan hadisi ne, ko? In mai ruwaya ya ce wani mutum ya ba ni labari, bai faɗi sunansa ba, me kuke kiran mutumin?"

"Mubhami," na ce.

"Ana karɓar ruwayarsa?"

"Ba a karɓa sai an san ko wane ne."

"Tamam. Ni ma haka."

Wannan ita ce duk maganar da na yi a ofishin nan, kuma da ita na yanke wa kaina hukunci. Injiniyan ya ce yana da tebur ɗaya da ba kowa, kwana uku a mako, kuma yana son ya ba wani makullin rumbun nesa, wato ikon karɓar damin da mutane suka turo ko mayar da shi. Yana bukatar wanda in abu ya lalace zai kira ya amsa. Ya dafa kafaɗar Bazazzagin ya ce, "Imel ɗinka ne a kai, kai na sani. In bawan Allah ya bayyana wata rana, ƙofa a buɗe take."

Kalma biyu ce tsakanina da teburin nan, ni ne. Amma in na faɗe su, to a gaban mutumin da na yi wa wa'azin rabin awa zan haɗiye wa'azin, ya ga ashe duk tsoron riyar nan bai kai nauyin tebur ɗaya ba. Na zaɓi in rasa teburin da in bar Bazazzagi ya ga haka. A lokacin na ce ikhlasi ne. Girman kai ne kawai ya sa rawani.

A hanyar dawowa ya ce bai amsa ba tukuna, ya ce wa injiniyan zai yi shawara. Ya sake roƙona in sake shi. Na ce ma'alish, ba komai, rabonka ne, ka karɓa. Na faɗe ta da murmushin da na san ya yi kyau. Bayan kwana biyu ya karɓa, ni kuma na ji haushin da ban taɓa ji ba, kamar ba ni na ce ya karɓa ba. Na riƙa cewa a raina, kura da shan bugu, gardi da kwashe kuɗi. Sai dai wannan kurar ita ta saƙa takunkumin da hannunta, ta kuma roƙi gardin ya ɗaura mata.

Da ya fara zuwa Giza da laftof ɗin, na daina aikin gaba ɗaya. Na ce jarrabawa ce ta matso. Amma duk bayan kwana biyu sai in shiga shagon intanet na bakin titinmu in buɗe shafinsa, in duba allon nan mai gidaje. Koren ya fara raguwa, fadama ta fara bushewa, kuma na ji daɗi, ba zan ɓoye ba. Na ce yanzu za a gane wa ke noma. Sai dai abin bai daɗe ba. A hankali gidajen suka sake cika, wannan karon da guminsa. Ya zauna ya karanta abin da na rubuta layi-layi, ya ari littattafaina da izinina, ya gane, ya ɗora a kai. Har ya gyara mini wani kuskure inda na haɗa uba da ɗa na mai da su mutum ɗaya. An ce hassada ga mai rabo taki ce, to ni na ga hakan da idona, kuma ni ne takin.

Ranar da abin ya fashe, a kan tukunya ne. Ranar wanke-wankensa ce, ya makara a Giza, na dawo na tarar da tukunyar wake a jiƙe tun safe. Yana shigowa, ko jakarsa bai ajiye ba, na tare shi. Ya ba ni haƙuri, ya naɗe hannun riga ya fara wankewa. Haƙurin ma ya ƙara tunzura ni.

"Ai ka saba," na ce. "Wasu su yi gumi, kai ka ci."

Ya ajiye soson. Bai ɗaga murya ba, bai taɓa ɗagawa ba, yana daga cikin abin da ya sa nake jin haushinsa.

"Malam, sau uku na nemi ka sake ni. A mota, a ƙarƙashin tebur, da a hanyar dawowa. Kai ba so kake a ɓoye ka ba. So kake ni in ci amana, kai ka tashi da suna da lada gaba ɗaya, ni in tashi da zunubin. Wannan kam ba zan yi maka ba, ko da kai bawana ne."

Duk littattafan da na yi jigila daga Darrasa babu wanda ya kawo mini ɗauki. Abin da na iya cewa shi ne Zazzagawa dai ba su iya wanke tukunya ba. Ya ce haka ne, ya miƙo mini soson. Na karɓa na wanke, yana tsaye yana ɗauraye cokula.

A 2014, shekarata ta ƙarshe, na samu laftof tawa, ta hannu, daga wani ɗalibi da zai koma gida. Ranar da na kunna ta shi yana Giza. Na zauna ni kaɗai da rana tsaka na sa git, na zo layin nan biyu. Na rubuta sunana cikakke, da na mahaifina, ban rage ko harafi ba. Na sa imel ɗina. Na buɗe shafi nawa, na sa hotona mai kyau wanda na ɗauka ranar sallah. Na jawo aikin gaba ɗaya, na gaya wa rumbuna adireshin asali da hannuna.

Na riga na karanta cewa akwai hanyar da ake bi a sauya suna a kan tsofaffin damuna duka. Na daɗe ina juya wannan a raina. Amma yin hakan zai tsinka jerin kowa da ya ɗora a kan nawa, kuma sai da makulli, makulli kuwa yana hannunsa. Ban da haka, mutumin da ya yi shekara huɗu yana karanta hukuncin masu taɓa isnadi ya san sunan wannan aikin. Na bar shi.

Sai na buɗe fayil ɗin godiya, inda ake jera waɗanda suka sa hannu. Ban taɓa buɗe shi ba, don ba na son ganin sunansa. Sunansa yana nan, amma a layi na uku. A samansa, ƙarƙashin na injiniyan, akwai wani layi, kuma tarihi ya nuna shi ya ƙara shi a makon da aka ba shi makulli: Wani Bawan Allah, sashen sunayen maruwaita, dukkansa. Kusan shekara guda layin nan yana zaune yana jirana.

Na goge kalma ukun na rubuta sunana. Kafin a tura dami, manhajar takan nuna maka abin da ka sauya, abin da ka cire da ja, abin da ka ƙara da kore. Na zauna ina kallon layi biyun nan, bawan Allah da ja, ni da kore. Na san duk wanda ya buɗe zai ga haka, ya kuma ga wa ya yi. Kunya ta kama ni, amma ba ta kai yunwar ba. Na ɗaure na tura.

Na tashi na ɗora ruwan shayi. Kafin ya tafasa an karɓa. A ƙasa Bazazzagin ya rubuta da Hausa, inda duk sauran maganganun shafin Larabci ne da Turanci: "Na sauke amana. Barka da zuwa, bawana." Injiniyan ya zo daga baya ya rubuta ahlan. Shi ke nan abin da ya faru. Tebur yana da mai shi, kuma ya cancance shi zuwa lokacin. 'Yan cin shinkafar Juma'a ba sa karanta fayil ɗin godiya. Bayan 'yan watanni na tattara littattafaina na dawo gida, Bazazzagin ne ya kai ni filin jirgi yana ɗauke da akwatin da ya fi nauyi.

Muna waya har yanzu, kuma ina ƙaunarsa, wannan ma gaskiya ce. Amma wani lokacin nakan buɗe shafin in gangara can ƙasa, zuwa safiyoyin nan na Hayyul Ashir. Ya sauya hotonsa sau da yawa tun daga lokacin, kuma duk sanda ya sauya, damunana ma sai su sauya fuska. Yanzu sun yi ƙiba, sun fara furfura a gemu. In na latsa sunana kuwa, dami ɗaya ne yake fitowa, mai layi ɗaya. Duk wanda ya bi tarihin aikin nan yana neman abin da na yi da sunana, abin da zai samu ke nan: ranar da na goge bawan Allah na rubuta kaina.